Zainu Na-Gane da Rawutar Gidan Joda

A Potiskum, gefen titin da manyan motoci ke bi su nufi Damagum, akwai wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa. Mai shagon wani saurayi ne da ake kira Zainulabideen, amma duk unguwa Zainu suke ce masa. Sana'arsa haɗa wa mutane rawuta, wato 'yar na'urar nan mai ƙahoni da ake sa wa sim, ta riƙa watsa intanet a gida ko a ofis ba tare da an ja waya ba. Allah ya ba shi hannu a aikin. Ya san inda ake ajiye ta ta kama sabis, ya san yadda ake sauya mata suna da lambar sirri, ya san ciwonta tun daga launin fitilunta.

Sai dai yana da wani hali da ya ɓata masa wannan baiwa. Ba ya barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Da ka buɗe baki ka ce, "Injiniya, abin nan nawa ne yake ɗan..." sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na gane, na gane." Ko gaisuwa a tsaye yake yin ta, mai napep yana jiransa a waje. Da abin ya yi yawa, abokansa na majalisa suka laƙaba masa Na-Gane. Shi kuwa sunan daɗi yake masa, don a zatonsa yabo ne.

A unguwar Ngojin akwai wani dattijo mai suna Joda. Bafillatani ne da ya bar kiwo ya zauna a gari yana fataucin shanu. Yana da ɗan ofis a bakin ƙofar gidansa, da turke a gefe. Yawancin masu sayen shanunsa 'yan kudu ne, kuma yanzu ba kasafai suke tahowa ba. Da yamma yake kiransu ta bidiyo, ya zagaya da waya ya nuna musu bijimi gaba da baya, a daidaita, sannan a yi lodi. To amma sabis a unguwar ba shi da ƙarfi, waya ita kaɗai ba ta ɗaukar kiran bidiyo. Shi ya sa ya nemi Zainu.

Zainu ya zagaya gidan da waya a hannu yana gwadawa. Wuri guda ne ya ga sabis ya cika, wato tagar wani ɗaki a tsakiyar gida, wadda ke kallon ƙarfen sabis. Ɗakin kuwa na Ya Kaka ne, surukar Joda, wata tsohuwa Babarbariya da ta dawo wurin 'yarta Munawwara bayan rasuwar mijinta. Joda bai taɓa taka ɗakin nan ba. Ko a tsakar gida suka haɗu, durƙusawa yake daga nesa ya gaishe ta, idonsa a ƙasa. Don haka Munawwara ya tura ta roƙa masa izini. Ya Kaka ta ce, "Kayan surukina ne? A kawo. Amana ce, zan riƙe."

Zainu ya ɗora rawutar a kan wani ɗan tebur kusa da taga, ya miƙe mata ƙahoninta, ya jona ta da wutar sola, ya sa sim, ya sauya lambar sirri. Nan take sabis ya kai har turke. Joda ya kira wani abokin cinikinsa mai suna Cosmas, hoto ya fito tar, har ƙudan da ke kan dozon sa ana gani. Ya yi ta murmushi yana cewa, "Useko, na gode, Injiniya. Wannan bijimin naka ƙarami ne, amma ƙahonsa na aiki."

A gidan akwai ɗan haya a sashen baya, Malam Terkula, Batibi ne malamin sakandare, da matarsa Doosuur da 'yarsu Mimidoo. Sun daɗe a gidan, har Mimidoo a nan aka haife ta, kuma a bayan Ya Kaka ta yi rabin goyonta. Saboda wannan zaman, Joda ya ba Terkula lambar sirrin ya ce ya riƙa amfani da ita. Terkula ya yi godiya, yakan kuma hau jefi-jefi ya sauko da darasi.

Ba a jima ba sai matsala ta kunno. Da safe komai lafiya. Amma da an tashi daga makaranta, sai abin ya lalace. Joda yana tsakiyar nuna sa, hoto ya daskare, muryar Cosmas ta riƙa yankewa, daga nan kiran ya mutu. Haka za a yi ta fama har magariba.

Zainu ya zo da hantsi. Munawwara ta shiga ta yi masa iso, ya tarar da rawuta a kan tebur, an goge ta tas, fitilunta kore shar, ɗaki sai ƙamshin turaren wuta.

Ya Kaka ta ce, "Lale, lale, jikana. Zauna mana. Ya mutanen gida? Dama ina so in gaya maka, wannan abin naku mai ƙaho, idan yaran nan suka..."

"Na gane, Kaka, na gane. Zafi take ɗauka."

Ya kashe ta, ya jira kaɗan, ya kunna, ya gwada, ya fita. Ko ruwan da aka kawo masa bai kalla ba.

Da yamma abin ya dawo. Zainu ya sake zuwa, wannan karon ma da safe. Ya zura tsinke a ɗan ramin da ke bayanta ya mayar da ita sabuwa, ya sake saita komai. Ya Kaka ta sake ɗauko zancenta, ya sake katse ta. Da ya fito ya ce wa Joda, "Baffa, mutane ne suka yi mata yawa. Na sauya lambar sirri. Kada ka ba kowa." Joda ya ji nauyin abin, amma ya bi. Terkula ya ga wayarsa ta daina kamawa, ya ci gaba da sayen datarsa.

Amma da aka tashi daga makaranta, sai hoto ya sake daskarewa.

A zuwa na uku ran Zainu a ɓace yake. Mutane sun fara cewa rawutar gidan Joda ta gagari Na-Gane, shi kuwa ba abin da ya ƙi ji irin wannan. Ya duba ya ga komai daidai. Maimakon ya ce bai gano ba tukuna, sai ya nemi wanda zai ɗora wa.

Ya ce, "Baffa, na'urarka lafiyarta lau. Sata ake maka."

Joda ya ce, "Sata? Ai ka sauya lambar."

"Masu boko suna da hanyar fasa ta. Kai dai ka duba. Wa ke dawowa gidan nan daidai lokacin da abin ke lalacewa?"

Joda ya ce a hankali, "Da hannuna na ba shi. Da ya tambaye ni, da na sake ba shi. Me zai sa ya bi ta baya?"

Zainu ya ɗaga kafaɗa, ya shiga napep. Bai tsaya nan ba. Da ya je majalisa aka tsokane shi, sai ya ce, "Ni rawuta ta gagara? Ai na kama ɓarawon. Ticar nan ne na gidan."

Magana ta bi gari. Joda ba mutum ne mai hayaniya ba, kuma ba ya iya tarar mutum da zargi ido da ido. Sai kawai ya aika wa Terkula cewa yana bukatar ɗakunansa, ya nemi wani wuri. Dalili kuwa a bakin ɗalibansa Terkula ya ji shi, ranar da ya juya yana rubutu a allo wani ya rage murya ya ce, "A ɓoye waya, ga mai fasa lamba."

Wata ranar Asabar da safe, Zainu yana cikin shago, sai ga Terkula ya yi sallama. Dogo ne, mai sanyin magana, ya riƙe hularsa a hannu.

"Injiniya, ina kwana? Ni ne Terkula, na gidan Alhaji Joda."

"Na gane, na gane. In dai kan lambar nan ce..."

"A'a, ba ka gane ba." Bai ɗaga murya ba, amma Zainu ya ji bakinsa ya rufe. "Ban zo faɗa ba. Gida na samu wani a wajen tasha, mun fara ɗaure kaya. Amma ina koyar da 'ya'yan mutane, kuma yanzu suna kirana ɓarawo. 'Yata ta tambaye ni jiya ko gaskiya ne. Tambaya ɗaya na zo da ita. Kai da idonka ka ga wayata a cikin na'urar nan?"

Zainu ya kawar da idonsa. Kowace rawuta tana nuna wayoyin da ke kanta, wannan ko sabon shiga ya sani. Shi kuwa bai taɓa dubawa a lokacin da abin ke faruwa ba. Bai ma taɓa zuwa gidan da yamma ba.

Terkula ya mayar da hularsa. "To, na ji amsarka. Allah ya ba da kasuwa."

Ranar Zainu bai iya aikin kirki ba. Yana son ya ce wa kansa ai ya gane, amma kalmar ta ƙi fita. Ranar Litinin da aka yi azahar ya rufe shago, ya ɗauki kwamfutarsa, ya sallami mai napep a ƙofar gidan Joda, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna a ofis ya ce, "Baffa, yau a nan zan wuni."

Joda ya dube shi da mamaki. "Ashe kana zama? Na ɗauka ƙaya ce a kujerun garin nan."

Zainu ya buɗe shafin rawutar ya zuba ido. Wayar Joda ce a kai, da ta Munawwara, sai tasa kwamfutar. Can sai ga hayaniyar yara. Amir, autan Joda, da Mimidoo suka shigo a guje da jakunkunansu, suka wuce cikin gida suna kiran Kaka. Ba a daɗe ba Terkula ya shigo, ya gaida su a taƙaice, ya wuce sashensa.

Sai sabis ya faɗi. Sandunan da ke jikin kwamfutar suka zube, saura guda ɗaya tana lilo. Joda ya yi tsaki. "Ka gani? Ya shigo."

Zainu ya matsa da kwamfutar bakin zaure, da ƙyar shafin ya buɗe. Ya duba, ya sake dubawa. Ba wata baƙuwar waya. Ko ɗaya. Kuma ya lura da abin da ya kamata ya lura da shi tuntuni: in da mutane ne suka yi yawa, gudu ne zai ragu, amma sanduna ba za su zube ba. Wannan kamar wani abu ne ya shiga tsakani ya tare.

Ya ce a yi masa iso wurin Ya Kaka. Munawwara ta shiga. Yana tsaye a zaure yana kallon kwamfutar, sai ya ga sandunan sun miƙe ɗaya bayan ɗaya har sun cika. Bai taɓa komai ba. Iso kawai aka yi masa.

Ya shiga ya tarar da rawuta a kan tebur kamar kullum. Ya taɓa ta ya ji ta da zafi rau. Wannan karon bai kashe ba, bai kunna ba. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma, ya gaida tsohuwa gaisuwa cikakkiya. Ya tambayi jikinta, ya tambayi ƙafarta, ya sha ruwan da aka miƙo masa. Sannan ya ce, "Kaka, kin sha fara gaya mini wata magana ina katse ki. Don Allah yau ki ƙarasa."

Ya Kaka ta tafa hannu. "Wushe, sannu da zuwa! Yau kunnuwan sun biyo ka? Na ɗauka a shago kake barinsu, kamar yadda ake barin takalmi."

Zainu ya sunkuyar da kai, Munawwara tana dariya a bakin ƙofa.

"To saurara. Waɗannan 'yan jikokin nawa, da sun dawo ɗakina suke faɗowa. Su a wurinsu wannan abu ɗan maraƙi ne. Amir ya kama ƙaho ɗaya, Mimidoo ta kama ɗaya, suna kuka irin na shanu. Rannan saura kaɗan su karya. Kayan surukina, an ba ni amana, in bari a karya a ɗakina? Da wane ido zan dube shi? Shi ne da na ji muryarsu sai in adana shi. Sai sun tafi da magariba in fito da shi. In kuma aka ce ga baƙo, ai ba a tarar baƙo da kaya a ɓoye, sai in fito da shi in goge. Dama tambayar da nake son yi maka, ko akwai inda za ka rataye shi sama, don bayana ya gaji da sunkuyo."

"A ina kike adana shi, Kaka?"

Ta nuna ƙarƙashin tebur. Wata ƙatuwar kwalla ce ta ƙarfe, irin ta jeren amaren da, mai zanen furanni da murfi mai nauyi. "Tun ta aurena ce. Ko ɓera bai taɓa shiga ba. Ba na cire masa wuta, ta gefen murfi nake fito da wayar. Ina leƙawa, idanunsa a buɗe suke."

Munawwara ta ce, "Ni ma ina gani kullum. To amma ka ce sata ake yi."

Zainu ya ɗauki rawutar ya sa a kwalla ya rufe. Sanduna suka zube. Ya buɗe, suka miƙe. Ya yi musu bayani cewa abin da na'urar ke watsawa yana ratsa labule da katako, yana ratsa bango da ƙyar, amma ƙarfe tare shi yake yi. Ya Kaka ta riƙe haɓa. "Ashe ni ce ɓarauniyar?"

"A'a, Kaka. Ke amana kika riƙe. Laifin na wanda bai saurare ki ba ne."

Sai a lokacin tsohuwa ta ji cewa saboda wannan ne su Mimidoo za su tashi. An gaya mata ne kawai wai maigida yana bukatar ɗakuna. Fuskarta ta sauya. Ta ce, "Yarinyar da na goya? To me kake jira a nan? Yanzu ne ya kamata ka yi saurin naka."

Zainu ya fita ya sami Joda. Abin ya yi masa nauyi, amma bai rage komai ba. Ya ce, "Baffa, Malam Terkula bai taɓa maka komai ba. Ban gani ba na ce na gani, don kada a ce aiki ya gagare ni." Ya ba shi labarin kwalla. Joda bai yi dariya ba. Ya dubi turke, sannan ya miƙe ya ce, "Taho."

Suka tarar da ƙofar sashen baya cike da kwalaye. Doosuur tana ɗaure katifa da igiya. Da ta ga Zainu ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Injiniya mai gani har cikin bango! Yau kuma me muka sata? Iska?"

Terkula ya fito ya ce, "Bar shi ya yi magana."

Zainu ya durƙusa ya faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe, ya nemi gafara. Terkula ya saurara bai katse shi ba. Da ya gama ya ce, "Na yafe. Amma a nan mu kaɗai muka ji. Waccan maganar kuwa a majalisa ka faɗe ta."

"A can zan je in warware ta, yau ɗin nan. In ka yarda har makarantarku zan zo."

"Majalisa ta isa. Daga can take zuwa makaranta da kanta."

Saura Joda. Kowa ya san irinsu ba su iya doguwar magana a irin wannan wuri. Ya tsaya yana murza carbi, bakinsa yana motsi, kalma ta ƙi fitowa. Can sai ya sa carbin a aljihu, ya sunkuya, ya ɗauki kwali mafi girma, wanda ke cike da littattafai, ya saɓa a kafaɗa. Ya wuce ta gaban Terkula, ya shiga ɗakin, ya ajiye a inda yake tun da. Ya fito yana haki, ya kama bakin igiyar katifa ya fara kwancewa.

Doosuur ta dubi mijinta. Terkula ya riƙe hannun dattijon ya ce, "Alhaji, bari. Bayanka. Ga wanda ya jawo aikin, shi zai kwashe."

Haka Zainu ya yi ta mayar da kwalaye, Doosuur tana nuna masa wurin kowanne, tana ƙarawa da, "Ka gane?" Shi kuma yana cewa, "Ban gane ba, Madam, ƙara gaya mini." Kafin rana ta faɗi ya tafi majalisa ya tsaya a gaban kowa ya janye maganarsa. Sun yi masa dariya son ransu, amma daga ranar ba wanda ya ƙara haɗa sunan Terkula da sata.

Washegari ya dawo da ɗan katako da ƙusoshi. Ya kafa wa rawutar mazauni can sama kusa da taga, inda hannun yaro ba ya kai, inda iska ke ratsa ta. Ya buɗe wa sashen baya tasu hanyar da tasu lambar, Joda da kansa ya kai wa Terkula. Kwalla ta koma ajiyar turare. Da yamma Cosmas ya kira, hoto ya fito tar, yara suna ta ihu a ɗakin Kaka.

Sunan Na-Gane bai bar Zainu ba, amma halin ya bar shi. Yanzu duk gidan da ya shiga, sai ya zauna an gaisa, sannan ya tambaya: yaushe abin ke faruwa, wa ke kusa da ita a lokacin, me aka taɓa? Ya kuma gano cewa sau da yawa kafin ya buɗe jakarsa, masu gidan sun riga sun gaya masa inda ciwon yake.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, iya aiki ba ya hana mutum sauraro, kuma wanda ya fi kusa da abu yakan san wani ɓangarensa da gwani bai sani ba. Idan aka fara gaya maka magana, ka bari a ƙarasa. Idan ba ka gano matsala ba, ka ce ba ka gano ba, wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka rufe gazawarka da sunan wani, domin kalma ɗaya da ka furta cikin gaggawa tana iya raba mutum da gidansa da mutuncinsa. In kuwa har ka riga ka furta, to kada girman kai ya hana ka komawa ka gyara a daidai wurin da ka ɓata.